Regileta mai tiyo biyu ko mai tiyo ɗaya, wacce zan saya?

Ɗan Jidda:
Assalamu alaikum jama'ar gidan nan, shawara nake nema wajen masu nutso. Na gama kwas ɗin farko wanda ake ba mutum izinin sauka mita 18, kuma gaskiya na gaji da kayan haya, kullum sai ka cusa abin da bakin kowa ya taɓa. To akwai wani dattijo da muke aiki tare ya ce yana da regileta, wato na'urar da ake shaƙar iska da ita a cikin ruwa, tun ta mahaifinsa zai bar min da arha, da ya kawo sai na ga irin mai tiyo biyun nan ce, tiyo baƙaƙe masu kauri masu gaɓa-gaɓa ɗaya ta kafaɗar dama ɗaya ta hagu sun haɗu a baki, shi kuma gwangwanin regiletar yana can bayan wuya a kan tukunyar iska. An rubuta Royal Aqua-Master a jiki. Wlh kyau kam akwai shi. In saya ta zama tawa ta kullum, ko in daure in tara kuɗi in sayi mai tiyo ɗaya irin wadda aka koya mana da ita?

Injiniya KD:
Wa alaikumus salam. Tara kuɗinka ka sayi mai tiyo ɗaya, magana ta ƙare. Wannan ɗin tun farkon shekarun 1970 aka daina ƙera ta, ka ga kenan robar da ke ciki ta girme ka.

Baba Fatakwal:
Injiniya ka cika gaggawa. Yaro ya yi tambaya sai ka rufe masa ƙofa da kalma biyu. Roba ai canza ta ake yi, ƙarfen kuma tagulla ce da aka yi wa fenti na kurom, in ba a yi mata wulaƙanci ba jikanka ma zai numfasa da ita. Ɗana ka buɗe ka ɗauko mana hoton cikin tukuna, kada dai ka sa ta a ruwa.

Injiniya KD:
Allah ya ba ka haƙuri Baba, bari in yi bayani to. Duk bambancin abin nan biyu wuri ɗaya yake, wato ina faifan robar da ke jin matsin ruwa yake zaune. Regileta ko wace iri ce aikinta ta ba ka iska daidai da matsin ruwan da ke danna wannan faifan, ba matsin da ke danna ƙirjinka ba, ita ba ta san inda huhunka yake ba. A mai tiyo ɗaya faifan yana bakinka. A mai tiyo biyu yana bayanka. Yanzu ka kwanta rub da ciki kana iyo, wanda haka ake yawancin nutso, gwangwanin yana sama huhunka yana ƙasa, a ce tazarar santimita 15 zuwa 20 ce. Wannan tazarar kai za ka biya ta da tsokar ƙirjinka a kowane jan numfashi, alhali regileta ta zamani da aka saita da kyau jan da bai wuce na santimita 3 na ruwa ba ya isa ya buɗe ta. Kamar kana zuƙar fura mai kauri da tsinken shan lemo ne, za ta zo amma sai ka ja. In kuma ka juya rigingine sai abin ya koma akasi, gwangwani ya koma ƙasa da kai, iska ta dinga cusa kanta a bakinka kumatu su kumbura.

Ɗan Jidda:
Ikon Allah, ni na zata tiyo biyu yana nufin iska ninki biyu ne hhh

Injiniya KD:
A'a ƙanena. Na dama ne kawai ke kawo iska, na hagu fitar da wadda ka busa yake yi ya mai da ita baya. Kuma dalilin sa shi ma wannan maganar ce dai. Lokacin da Faransawan da suka ƙirƙiro ta, Jacques Cousteau da Émile Gagnan, suka gwada ta farko a kogin Marne kusa da Paris a Janairun 1943 tiyo ɗaya ne, iskar da ka busa a baki take fita. Sai ya zama in Cousteau ya miƙe tsaye iska ta yi ta zuba ba tsayawa, in ya kifa kai ƙasa kuma ta ƙi zuwa, saboda mafitar da faifan ba a zurfi ɗaya suke ba. Maganin da suka samo shi ne su ja wani tiyon ya mai da mafitar can jikin faifan. Shi Gagnan ɗin ma asalin bawul ɗin don motoci ya yi shi, lokacin yaƙi babu fetur a Faransa ana tuƙa mota da gas, injiniyan kamfanin Air Liquide ne.

Baba Fatakwal:
Duk abin da ka faɗa haka yake, amma rabin labari ka kawo. Ita mai tiyo ɗayan ba ta da nata? Tsaya a miƙe cikin ruwa ka ɗaga kai kana kallon sama, ko kana hawa igiya, bakinka yana sama da huhunka da kusan kamu ɗaya da wani abu, a nan ita ma tauri take yi, duk wanda ya daɗe a ruwa ya san wannan. A wannan tsayuwar mai tiyo biyu ta fi ta daɗi nesa ba kusa ba don gwangwanin yana daidai saitin huhu. Sannan yawancin masu kukan wai tana da tauri ɗaure ta ne ba su iya ba. Sun ɗauko ta sun ɗora a rigar iska ta zamani, wadda ake hurawa don daidaita nutsewa da tasowa, tukunya ta haye can ƙeya, ga tazara tsakanin gwangwani da baya, to dole ta wahalar da kai. Sauke tukunyar ake yi ƙasa sosai gwangwanin ya kwanta tsakanin allunan kafaɗa ya manne da jiki, ka ɗan ɗaga ƙirji kaɗan in kana tafiya, ka ja numfashi dogo a hankali ba fizga ba. Wanda ya koya mana aikin nan da irinta ya koya mana kafin a ba mu hular ƙarfe, kuma in ya ga tukunyarka a sama da bulala yake sauke maka ita.

Mai Kyamara:
Sannunku da hira. Ni dai ta ɓangaren hoto zan sa baki. Ina nutso a Dahab da Marsa Alam a Masar in an samu hutun makaranta, kuma babban abin da ke ɓata min rai da mai tiyo ɗaya shi ne kumfa. Ka lallaɓa ka matso kusa da kifi, ka saita, kana sakin numfashi kumfa ta taso ta gefen kumatu ta rufe maka gilashi ga ƙara a kunne, kifin ya yi gaba. Na ari mai tiyo biyu wajen wani Bature da ke tara irinsu, wlh shirun da na ji ya ba ni mamaki, kumfar tana fita ta bayan kai ba ka ganinta, ƙananan kifin nan ja da ke taruwa a kan murjani ba su watse ba har na kusa taɓa su da kyamara. Kuma abin bakin ba ya jan muƙamuƙi, tiyon cike suke da iska suna ɗan ɗaga shi sama. Amma fa ban saya ba.

Ɗan Jidda:
Anti me ya hana ki saya tunda ta yi miki?

Mai Kyamara:
Abubuwa da yawa. Ba ta da maɓallin da kake dannawa ya kore ruwa. In ruwa ya shiga sai ka karkata ta hagu ka busa da ƙarfi ya bi tiyon fita, ko ka cire ka ɗaga abin bakin sama da gwangwani iska ta fara zuba sannan ka mai da shi. A wurin wanka wannan wasa ne, a mita 25 da igiyar ruwa tana janka ba wasa ba ne. Ko a saman ruwa ma in ka kwanta rigingine ka saki abin bakin ya yi sama iskarka ce ke tsiyaya. Sannan wanka, bayan kowace fita sai ka cire tiyon ka wanke cikinsu ka rataye su bushe, in ba haka ba yawu da danshi su taru su yi funfuna kana shaƙa.

Injiniya KD:
Yauwa Hajiya, ga kuma babbar. Ɗan Jidda juya gwangwanin nan ka ƙirga ramukan da ake ɗaura tiyo. Ta zamani matakin farko yana sauke matsin iskar tukunya daga bar 200 (bar ma'aunin matsi ne) zuwa wajen 9 ko 10, ya raba ta hanya-hanya, ɗaya bakinka, ɗaya ta biyun da za ka miƙa wa abokin nutso in tasa ta ƙare, ɗaya rigar iska, sannan ramin babban matsi na geji mai nuna ragowar iska. Wannan tsohuwar ina za ka ɗaura geji? A zamaninta ba su damu da geji ba, bawul ɗin tukunya ne ke da ajiya, in ka ji iska ta fara tauri ka ja wani ƙarfe a gefe ya sakar maka ragowar bar 20 ɗin da ya riƙe ka hau. In kuma tun a jirgi wani abu ya riga ya ture ƙarfen ba ka sani ba, ka ja ka ji wayam. Kuma ba na jin akwai shagon nutso a Jidda ko Masar da zai bar sabon ɗan koyo ya sauka daga jirginsu ba geji ba ta biyu.

Baba Fatakwal:
Wannan akwai maganinsa. Akwai wani zobe da ake sawa tsakanin tukunya da regileta a ɗaura geji a jiki, sai dai yana son doguwar maƙala, wato ƙarfen da ke riƙe regileta a bakin tukunya. Kuma masu son abin a Amurka sun ƙera sabon matakin farko mai suna Phoenix da ake ɗaura wa Aqua-Master ya ba ta duk ramukan nan, daga baya ma suka fito da sabuwa dal mai suna Argonaut Kraken. Kamfanin Aqua Lung da kansa ya sake fito da mai tiyo biyu mai suna Mistral a 2005.

Injiniya KD:
Ya fito da ita, ta yi kasuwa? Ba a jima ba suka janye ta Baba. Kuma kafin ya sayi zobe ya sayi Phoenix ya sayi sababbin tiyo da faifan silikon ya biya kuɗin aike zuwa Saudiyya, ai ya wuce kuɗin sabuwar Apeks ko Scubapro da kowane mai gyara a garin yake da kayanta a durowa.

Baba Fatakwal:
Kuɗi kam gaskiyarka. Amma kar ka sa yara su zata an bar ta ne don ba ta da kirki. Masu binciken Amurka a Antatika da ke nutso ƙarƙashin ƙanƙara da irin wannan Royal Aqua-Master ɗin suka yi ta aiki har wajen 1990, shekara kusan ashirin bayan an daina yin ta, don ita danshin numfashinka ba ya kaiwa ga bawul ɗin balle ya daskare ya maƙale a buɗe, ruwa kuma bai taɓa kayan cikin.

Ɗan Jidda:
Baba mu nan ruwan ko da sanyi bai cika sauka ƙasa da digiri ashirin da wani abu ba, ƙanƙara sai a firji 😂

Bahaushen Sudan:
Salamu alaikum, na daɗe ina karatu ban yi magana ba. Ni a Fot Sudan na tashi, kafin yaƙin nan na yi aiki a jiragen da ke kai Turawa nutso, yawanci 'yan Italiya. Duk wanda ya zo wuri biyu yake tambaya, jirgin Umbria da aka nutsar a 1940 da bama-bamai a cikinsa, da kuma Sha'ab Rumi. A Sha'ab Rumi ɗin ne Cousteau ya kafa ƙauyensa na ƙarƙashin ruwa a 1963, mutane suka zauna wata guda a mita 10, biyu daga cikinsu suka yi mako a wani ɗan ɗaki wajen mita 30. Har yanzu rumfar da suke ajiye ƙaramin jirginsu na nutso tana nan murjani ya lulluɓe ta, kana shiga ta ƙasa ka ɗago kai cikin iskar da ta taru a sama. Duk aikin nan da mai tiyo biyu suka yi shi, to ba za a ce ba ta aiki ba. Amma ni abin da idona ya gani, cikin baƙin da muka ɗauka wanda ya zo da ita ɗaiɗai ne, kuma shi ma za ka ga don hoto ya kawo ta, ya sa ta a rumfar Cousteau a ɗauke shi, gobe in za a je wajen kifin shak a bakin gangare ya ɗauko ta zamani.

Mai Kyamara:
Allah ya kawo zaman lafiya Sudan. Sha'ab Rumi na cikin burina wlh.

Bahaushen Sudan:
Amin ya Hajiya, Allah ya nufa.

Ɗalibi BUK:
Don Allah tambaya daga wanda bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba. Sojojin ruwa da nake gani a bidiyo da tiyo biyu a baki, kenan tsohon yayi suke amfani da shi? Kuma waɗanda suka ceto Harrison Okene, wanda ya maƙale a cikin jirgin da ya nutse, wacce suka sa?

Injiniya KD:
A'a wancan daban ne, kama ce kawai. Ta sojoji iskar ba ta fita waje, zagayawa take yi, ka busa ta bi ta cikin wani garin sinadari ya tsotse gurɓatacciyar, a ƙara mata iskar oksijin ta dawo maka, shi ya sa ba kumfa sam. Wadda muke magana kowane numfashi zubar da shi ake yi a ruwa, ta baya ce kawai take fita.

Baba Fatakwal:
Na Okene kuma fagenmu ne. Jirgin Jascon-4 da ya kife a Mayun 2013 wajen Escravos, mita 30 a ƙasa, bawan Allah ya yi kusan awa 60 a ɗan wurin da iska ta maƙale. Waɗanda suka je ba tukunya ce ke ba su iska ba, hular ƙarfe ce da doguwar cibiya da ke kawo iska da waya da ruwan ɗumi, tukunyar bayansu ta ko-ta-kwana ce. Amma ka lura, a hular ma bawul ɗin numfashin a gaban baki yake.

Injiniya KD:
Baba ka dawo layina kenan 😄

Baba Fatakwal:
Ban dawo ba. Na ce a gaban baki yake, ban ce don ya fi daɗin numfashi ba ne. Shi wanda ya fara sayar da mai tiyo ɗaya, Ted Eldred na Melbourne a Ostiraliya, da ya fito da Porpoise a 1952 har da gudun haƙƙin mallakar Faransawa a cikin dalilansa, don su sun riga sun yi wa tasu rajista. Abin da ya ba ta nasara sauƙi ne, tiyo siriri mai ƙarfi da ba ya yagewa in ya goga a ƙarfe, ga maɓallin kore ruwa, ga sauƙin miƙa wa wani, ga sauƙin koya wa mutum a kwana uku ya biya kuɗi ya tafi. Makarantun nutso ita ta fi musu. Ɗan Jidda ga tawa shawarar a matsayin uba: ta kullum ka sayi mai tiyo ɗaya, a nan ni da Injiniya ba mu da saɓani, don hannunka da ita ya saba kuma duk wanda za ka shiga ruwa da shi ita ya sani, ranar da iskar wani ta ƙare ba lokacin koyon karɓa-karɓa da abin baki mai tiyo biyu ba ne. Amma in dattijon nan da arhar gaske zai bar maka, karɓi abinka ka ajiye. In ka ƙware ka nemo kayan gyara, a canza faifai da tiyo da 'yan bawul ɗin cikin abin baki da robar mafita mai kama da bakin agwagwa, ita ce ke fara narkewa ta manne. Kuma ka kula, maƙalar tsofaffin nan an yi ta ne don tukwanen da ba su wuce bar 150 zuwa 170 ba, kada ka ɗaura ta a tukunyar 232 ka buɗe.

Ɗan Jidda:
Na gode Baba, na gode Injiniya da Anti. Na leƙa ta ramukan murfin da fitilar waya, robar agwagwar ta zama kamar cingam hhh. Zan yi yadda kuka ce.

Basarke:
Ku gafarce ni in shigo da tawa. Mu nan Yawuri nutso gadonmu ne amma da numfashinmu muke yi, in jirgi ya kife mu ake kira. Wani yaro nan ya ce zai haɗa muna injin iska irin na masu faci da dogon tiyo, mutum ya riƙa a baki ya daɗe ƙasa, ba ruwanmu da wata regileta mai ɗaya ko mai biyu. Mi kuka gani?

Injiniya KD:
Kada ku yarda wlh.

Baba Fatakwal:
Ɗan'uwa ka hana shi, da gaske nake. Injin faci mai yake tofawa cikin iskar, ya shiga huhu ya zauna. Sannan in hayaƙin janareto ya bi ta inda injin ke zuƙar iska, gubar da ke cikinsa ba ta da wari ba ta da ɗanɗano, kuma a mita 10 ninki biyu kake shaƙa don matsin ya ninka, sai dai a ga mutum ya daina motsi. Na uku shi ya fi ba ni tsoro a kanku, ku kun saba riƙe numfashi, jikinku ya haddace. Wanda ya cika huhu a sama ya nutse ya dawo iskar ba za ta kumbura ta yaga masa huhu ba. Wanda ya shaƙi iskar inji a ƙasa ya riƙe ya taso, iskar kumbura take yi a hanya, daga mita 10 zuwa sama ninki biyu za ta zama, kuma ko mita ɗaya da rabi ya isa ya yaga huhu. Ranar da injin ya mutu ko tiyo ya lanƙwashe abin da jikinka zai ce maka shi ne riƙe ka yi sama da gudu. In har ƙungiyarku na son kayan numfashi, ku zaɓi mutum biyu cikin samari a tura su kwas na gaske a Legas ko Fatakwal, a sayo tukunya da regileta mai tiyo ɗaya da geji, a riƙa cika tukunyar wajen mai injin da aka yi don numfashi mai matata. Turo min lambarka ta akwatin sirri mu yi magana da baki, rubutu ba zai ɗauke ba.

Basarke:
To Baba, na turo. Bayan la'asar nike samun sabis in na hau tudu.